Darasi: Idan Aka Ce "Ina Gajiya?", Me Ake Nufi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Darasin yau na 'yan'uwana ne masu otizim, abin da wasu ke kira galahanga. Ni ma da shi aka haife ni. Kullum mu ake nazari, to yau mu za mu zauna mu yi nazarin sauran mutane.

Mu fara da gaisuwa. Maƙwabci ya ce maka, "Ina gajiya?" Amsar ita ce "Ba gajiya," ko da yanzu ka sauke buhun masara. Wanda ke kwance a gadon asibiti ma "da sauƙi" yake cewa. Ina yaro wani dattijo ya ce mini, "An tashi lafiya?" Sai na tsaya ina zayyana masa ciwon kan da na kwana da shi. Ya yi shiru ya wuce. Na yi kwanaki ina neman laifin da na yi.

Ga abin da na gano daga baya. Ba labarin jikinka yake nema ba, dubawa yake yi ko tsakaninku lafiya. Shi ya sa rashin amsa gaisuwa ke yi musu zafi haka. Idan da gaske yana son ji, zai tsaya, ya rage murya, ya sake cewa, "Lafiya dai ko? Na gan ka wani iri." To wannan ta biyun ita ce tambayar. Nan za ka faɗi gaskiya.

Haka abinci. Ka tarar ana ci, aka ce "Bismillah." Yawanci "Alhamdulillahi" ya wadatar. Amma in aka matsa maka wuri, aka miƙo ruwan wanke hannu, gayyata ce, zauna. "Sai na duba" kuwa, sau da yawa a'a ce da kunya ta hana a faɗa kai tsaye. Ba ƙarya suke yi maka ba, kara ce.

Batun ido, a taƙaice: shawarwarin da ke zuwa daga Turai da Amurka suna cewa a kalli mutum cikin ido. A wajenmu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne. Kada ka azabtar da kanka a banza.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe. A 2012, wani masani ɗan Birtaniya mai otizim, Damian Milton, ya ce rashin fahimtar nan daga ɓangare biyu yake: muna kasa karanta su, su ma suna kasa karanta mu. A 2020, Catherine Crompton da abokan aikinta a Jami'ar Edinburgh suka gwada da mutum 72. Ana ba mutum labari, ya faɗa wa na gaba, shi ma ya faɗa wa na gaba. Layin masu otizim zalla ya isar da labarin daidai da layin marasa shi. Inda aka cakuɗa su ne labarin ya fi zubewa a hanya. Ranar da na ji wannan, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Iyaye da malamai da ke sauraro, ku ma da naku aikin. In kuna son yaro ya kawo ruwa, ku ce "kawo ruwa." Kada ku ce "randa dai ta bushe" sannan ku ga laifinsa.

Aikin wannan mako: ka zaɓi mutum ɗaya da ka yarda da shi. Duk maganar da ta shige maka duhu, ka rubuta ta, da yamma ka tambaye shi me ake nufi. Mako mai zuwa za mu ɗauki habaici. Sai mun haɗu.