Olonka da Sahun Farko: Hira Daga Aboabo

Basiru: Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Daga Aboabo muke zuwa muku, nan Kumasi. Ni ne Basiru, ga Malam Sani, ga Hajiya Rabi. Hajiya, tun da kika shigo na ga ranki a ɓace. Ki faɗa wa masu sauraro abin da kika faɗa mana.

Hajiya Rabi: Ɗana, abu biyu suka same ni a mako ɗaya. Kun san waakye nake dafawa, wato shinkafa da wake. Akwai wanda nake sayen wake a wurinsa shekara da shekaru, unguwarmu ɗaya, kullum yana sahun farko, goshinsa har ya yi baƙi. Sai na lura waken ba ya kai ni inda ya saba kai ni. Ranar Talata da ya juya baya na ɗaga olonkarsa, gwangwanin da yake awo da shi, na kifa ta. Wallahi an bubbuga gindin gwangwanin ya shige ciki, kamar kaurin yatsa biyu. Daga waje ba ka ganin komai.

Malam Sani: Innalillahi.

Hajiya Rabi: Ranar Alhamis kuma na tura sidi 800 ta momo, wato ta wayar hannu, na yi kuskuren lamba ɗaya. Hannuna na rawa na kira. Wata mata ta ɗauka, Batoniya, ina jin waƙar coci a bayanta. Da Twi ta ce mini in kwantar da hankalina. Kafin in gama wanke tukunya kuɗina sun dawo cif. Ba ta san ni ba, ba ta taɓa ganin fuskata ba. Tun ranar abin yake cina.

Basiru: Baba Malam, tambayar da samari muke yi ke nan a majalisa, sai dai ba ma iya yin ta a gaban manya. In wanda ba ya salla zai riƙe amana, mai salla kuma ya ci, to me addinin ya ƙara wa halin mutum?

Malam Sani: Gara ka yi ta a gabana da ka yi ta a ɓoye. Ka fara da wannan: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, mutanen Makka sun kira shi Al-Amin tun kafin wahayi ya sauko masa yana shekara 40. Su da ke bautar gumaka sun san amana in sun gan ta. Allah ya dasa wannan sani a cikin ɗan Adam, shi malamai ke kira fiɗira. Tonawa ma suna da karin magana cewa ba wanda ke nuna wa yaro Ubangiji. Saboda haka matar nan ba ta ba ni mamaki ba. Kuma kada ka ce ba ta da addini. Mai yiwuwa tsoron Allah ne ya sa ta mayar, irin yadda aka koya mata a gidansu da cocinsu.

Hajiya Rabi: Ni ba ita ce ta dame ni ba, Malam. Namu ne ya dame ni.

Malam Sani: Shi ya kamata ya dame ki. Akwai sura guda a Alƙur'ani, Muɗaffifin, da ta buɗe da azaba ga masu tauye mudu. Yaranmu na makaranta suna haddace ta tun suna ƙanana, tana cikin izifin Amma. Kuma a Sahihu Muslim, Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tulin, ya ji danshi a ƙasa. Ya tambaye shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ki duba, Hajiya, hannu ya sa a ƙasan tuli, ke ma gindin gwangwani kika duba.

Basiru: To amma Alƙur'ani ya ce salla tana hana alfasha da mummunan aiki. Wannan bawan Allah sallarsa ba ta hana shi ba.

Malam Sani: Magani yana aiki ne in an haɗiye shi. Ni ba zan ce sallarsa ba ta karɓu ba, wannan ba hurumina ba ne. Abin da na sani shi ne haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da yawan sujada. Hadisin muflisi ya faɗa: mutum zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, a yi ta ɗibar ladansa ana biya har ya ƙare. Abin da imani ke ƙarawa ke nan, Basiru. Yana gaya maka akwai mai ganinka lokacin da kake bubbuga gwangwani kai kaɗai a ɗaki.

Hajiya Rabi: Kakana bafatake ne, kuma abin da ya sa zuciyata ta ƙi sanyi ke nan. Su fa amana ce ta kafa zangon nan. Daga Kano suke tasowa da jakuna su zo Salaga sayen goron Tonawa, tafiyar watanni. Baƙo ya sauka wurin mai gida, ya danƙa masa kaya da kuɗi, babu takarda, babu sa hannu. Bayan yaƙin Salaga na 1892 suka watsu, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu Akara. Dukiya da yawa ta salwanta, amma sunan riƙon amana ya biyo su. Yau a kasuwar Kejetia, in wani namu ya cuci Batone, ba sunansa za a kira ba, za a ce mutanen Zango.

Basiru: Gaskiya ne. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne a Gana. Mafi yawan maƙwabtanmu ba za su taɓa buɗe littafinmu ba, mu suke karantawa. Shi ya sa lokacin da Babban Limami, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Akara a 2019, yana cika shekara 100, Kiristoci da yawa suka yi ta maganar. Halinsa suka gani.

Malam Sani: Hajiya, kin yi masa magana, shi mai waken?

Hajiya Rabi: Ban yi ba. Na ji nauyi, ya girme ni. Na dai canza wurin saye.

Malam Sani: Kin tsira ke kaɗai ke nan, sauran mata suna can suna aunawa da gwangwanin nan. Kada ki tona shi a kasuwa. Bari ni in same shi bayan Asuba, daga ni sai shi. In ya musanta, zan ce ya kawo olonkar mu auna da tawa ta gida.

Hajiya Rabi: In ya gyara, Malam, wallahi zan koma wurinsa. Matarsa ce ta yi mini wankan jego na fari.

Basiru: Allah ya sa ya ji. Ita kuma matar momo?

Hajiya Rabi: Na sake kiranta jiya. A Bantama take. Ranar Asabar zan kai mata waakye da kaina, da ƙwai da taliya da shito, in ga fuskarta.

Basiru: Ki gaishe mana da ita. Jama'a, ga ladan ya fara kiran Magariba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.