Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu a Taron Koyarwa kan Mulkin Shekara Dubu

Mai girma babban baƙonmu, Baba Rabaran, daga hedikwatar ikkilisiyarmu ta ECWA da ke Jos. Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Fastoci da dattawan ikkilisiya. Iyayenmu na Zumuntar Mata. Mawaƙa, matasa da malaman makarantar Lahadi. 'Yan'uwa a cikin Ubangiji. Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu.

Baba, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Mun san wasiƙun gayyata ba sa ƙarewa a teburinku, amma kuka ɗaga namu kuka taho. Tun shekaranjiya iyayenmu mata ke share harabar nan, waɗansu 'yan'uwa kuma daga ƙauyuka suka kwana a kan benci don kada jawabin farko ya wuce su. Wannan ita ce marabarmu, ta fi abin da bakina zai iya faɗa.

Dattawa sun ce in bayyana muku dalilin da ya sa muka zaɓi wannan kan magana. Mutanenmu sun iya waƙoƙin zuwa sama. Amma idan ka tambayi mai bi abin da zai yi sa'ad da Almasihu ya dawo ya kafa mulkinsa, sai ya ce zai huta. Hutu yana nan, gaskiya ne, sai dai Wahayin Yahaya sura 20 ya faɗi fiye da haka. Daga aya 2 zuwa 7 an ambaci shekara dubu har sau shida. Za a ɗaure Shaiɗan don kada ya ƙara yaudarar al'ummai. Yahaya ya ga kursiyai, ya ga waɗanda aka ba su ikon yin shari'a, ya ga rayukan waɗanda aka fille wa kai saboda shaidar Yesu. Aya 6 ta ce masu rabo a tashin matattu na fari, mutuwa ta biyu ba ta da iko a kansu. Za su zama firistocin Allah da na Almasihu, su yi mulki tare da shi. Firist yana da aiki, mai mulki ma yana da aiki. Manzo Bulus ya tsawata wa Korintiyawa da wannan maganar, a wasiƙarsa ta fari sura 6, lokacin da suke kai junansu ƙara gaban marasa bi: ashe ba su san tsarkaka ne za su yi wa duniya shari'a ba, har da mala'iku?

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne misalin da Ubangiji ya bayar a Luka 19, yana kusa da Urushalima, jama'a na zaton mulkin Allah zai bayyana nan take. Wani basarake ya ba bayinsa goma kuɗi, fam ɗaya ɗaya, ya ce su yi ta jujjuya shi har ya komo. Wanda fam ɗinsa ya haifi goma, aka ba shi iko a kan garuruwa goma. Wanda nasa ya haifi biyar, garuruwa biyar. Wanda ya ƙulle nasa a ƙyalle, aka ƙwace. Dalilin da maigidan ya bayar kuwa ɗaya ne: aminci a kan ƙaramin abu. Ashe ladan aiki mai kyau shi ne a ƙara maka amana. A ƙasarmu ma ba a naɗa Sarkin Noma wanda hannunsa bai san fartanya ba. Ceto kyauta ne, babu mai saye da guminsa. Amma lada ana auna shi, kamar yadda 1 Korintiyawa 3 ta nuna cewa wuta za ta gwada ginin kowa, na zinariya ne ko na ciyawa, wani kuma zai tsira amma ya yi hasarar aikinsa.

Shi ya sa, Baba, muke so ku yi wa ƙanananmu magana. Ma'ajin ikkilisiya da ke rubuta kowane kwabo na baiko ba tare da wani ya duba shi ba. Gwauruwar da ke tara yara ranar Lahadi da safe. Ɗan mishan na EMS, ƙungiyar bishara ta ECWA, da ke can daji, wanda ɗan abin da ake aika masa ba ya kai shi ƙarshen wata. Su ne ake horarwa domin garuruwa goma, kuma da yawansu ba su sani ba. Tarihinmu ma haka ya fara. 'Yan mishan uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a Disamba 1893. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, ba su ga ikkilisiya ko ɗaya ba. Sai 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Idan duniyar nan ce kaɗai wurin biyan lada, to, waɗancan samari biyu sun yi asara. Mu ba mu yarda sun yi asara ba, domin 2 Timoti 2:12 ta ce in mun jure, za mu yi mulki tare da shi.

Akwai kuma waɗanda ke zaune a nan da suka bar gonakinsu da gidajensu saboda rashin zaman lafiya. Idan aka karanta Ishaya 65, inda ya ce za su gina gidaje su zauna a ciki, ba za su shuka wani ya ci ba, ba sa bukatar mai fassara. Haka Ishaya 2, inda takuba za su koma garemani. Muna roƙo ku daɗe a kan waɗannan ayoyi.

Mun san ba dukan masu bi ke fahimtar shekara dubun nan iri ɗaya ba. A cikin malaman ikkilisiya na dā, Iraniyus a ƙarni na biyu ya sa rai ga mulki na zahiri a bisa ƙasa, Agustin kuma ya ɗauke ta a matsayin zamanin ikkilisiya. Ba mu tara jama'a don gardama ba. Abin da muke gudu shi ne masu ƙayyade rana da wata a wayoyin yaranmu, alhali Ubangiji da kansa ya ce ba wanda ya san ranar sai Uba.

Roƙonmu guda biyu ne. Na farko, a taimaka mana da wannan koyarwa a rubuce cikin Hausa mai sauƙi, domin yawancin masu wa'azinmu na ƙauye da Hausa suke karatu. Na biyu, ku kai kukan 'yan mishan ɗinmu gaban shugabanni a Jos.

Zumuntar Mata za su yi waƙa ɗaya su miƙa muku 'yar tsarabarmu, daga nan bagade naku ne. Allah ya ba ku ƙarfin murya, ya kuma mai da ku gida lafiya. Ku gaishe mana da Mama.