Amsoshin tambayoyinku: gudun kwana da kwanaki

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau saƙonni uku muka haɗa wuri guda don duk a kan abu ɗaya suke, wato gudun dogon zangon nan da ake kwana da kwanaki ana yi.

Na farko daga wani ɗan'uwa ne a Zariya, yace wai da gaske wani Bature ya ratsa Afirka da gudu ko dai zuƙi ta malle ce irin ta soshiyal midiya? Toh malam gaskiya ne. Sunansa Russ Cook, ɗan Ingila, ya tashi daga Cape Agulhas can ƙarshen Afirka ta Kudu ranar 22 ga Afrilu 2023, ya isa Ras Angela a Tunisiya ranar 7 ga Afrilu 2024. Kwana 352 kenan, sama da kilomita 16,000, ƙasashe 16 har da Najeriya, ta Kamaru ya shigo mana ya fita ta Benin. Amma fa ba shi kaɗai ba ne, akwai abokan tafiyarsa a mota, su ke dafa abinci su ke neman wurin kwana su ke fama da jami'an boda, a Angola ma 'yan fashi sun tare su da bindiga sun kwashe fasfo da kuɗi da wayoyi, daga baya kuma bizar Aljeriya ta kusa watsa tafiyar baki ɗaya. Kaga duk waɗannan ba matsalar ƙafa ba ce.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi kuma tace an taɓa yin irinsa ta ƙasarsu? An yi hajiya. Ƙarshen 2006 wasu mutum uku, Charlie Engle ɗan Amurka da Ray Zahab ɗan Kanada da Kevin Lin ɗan Taiwan, sun tashi daga gaɓar teku a Senegal, suka bi Mauritaniya da Mali da Nijar ta Agadas da hamadar Tenere, sai Libiya, suka ƙare a Bahar Maliya ta Masar cikin kwana 111. Buzaye ne suka yi musu jagora a hamada, in ba haka ba wa zai nuna musu rijiya?

Sai na uku, shi ne ya fi ɗaukar min hankali. Wani matashi daga Kano yace yana so ya yi gudu zuwa Kaduna cikin kwana biyar, abokansa biyu za su bi shi a mota, me ya kamata su shirya? Ƙanena, wajen kilomita 230 ne, wato kullum sai ka yi abin da ya ɗara gudun famfalaƙi na kilomita 42, kwana biyar a jere. In baka taɓa yin 30 yau ka tashi gobe ka sake 30 ba to ka dakata tukuna, ka ba kanka watanni.

Su kuma abokan naka ka faɗa musu ba yawon shan iska ba ne da ɗaukar hoto. Kar mota ta riƙa rarrafe a bayanka tireloli na wucewa, su wuce gaba kamar kilomita biyar su jira ka da ruwa, kai kuma ka riƙa fuskantar motoci masu tahowa. Ku fita bayan asuba, rana ta take ku nemi inuwa, magariba ta yi a tsaya, gudun dare a hanyoyinmu ban yarda da shi ba sam. Kuma ba a watan Maris ko Afrilu ba dan Allah, ku jira hunturu.

Ruwa zalla ba ya isa, gishiri na fita da gumi, wanda ya yi ta ɗirkar ruwa ba gishiri sai kaga kansa na juyawa yana amai, don haka a riƙe ORS ɗin nan na kemis. Abinci kaɗan kaɗan akai akai, dabino, ayaba, kunu, dafaffen dankali, abin da cikinka ya saba da shi, don a rana ta uku ko ƙamshin abinci ba za ka so ji ba sai an matsa maka. Takalmi ya ɗan fi ƙafarka girma saboda za ta kumbura, safa a canza in ta jiƙe, basilin a matse-matsi da hammata, bororo kuwa tun wurin yana ɗan zafi ake manna filasta.

Abin da na fi so ka ji shine wannan. Cikin abokan nan naka biyu a samu ma'aikacin lafiya ko a ƙara na uku, kuma tun a gida ku yi alkawari in yace tsaya ka tsaya, don wanda ya gaji ba ya iya yi wa kansa hukunci. In fitsari ya koma kalar baƙin shayi ko ya ɗauke, ƙoda ce ke kuka, in kaga haka ko ka fara sambatu, asibiti kai tsaye. Ibuprofen da diclofenac da ake watsawa kamar gyaɗa, ka guje su a irin wannan gudu, ƙara wa ƙodar nauyi suke.

Lokaci ya cimmana, mai tambaya kan motsa jiki da azumi ka yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.