Amsoshin Tambayoyinku: Nawa Fulat Ɗina Zai Yi A Kasuwa?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wannan makon saƙonni uku ne suka faɗo kan abu ɗaya, yadda mutum zai san kuɗin fulat a cikin birni, irin wanda yake cikin dogon bene kowa da ƙofarsa.

Na farko daga wata baiwar Allah ne, ta ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu fulat mai ɗaki uku a hawa na huɗu, magada suna so a sayar a raba, dillali ɗaya ya faɗi kuɗi wani kuma ya zo ya faɗi wanda ya yi masa nisa sosai, wai wa za su kama?

Allah ya jiƙan mahaifinku Hajiya, ya sa ya huta. Kar ku kama ko ɗaya tukuna, ku ce kowa ya kawo hujja, hujjar kuwa ita ce fulat nawa irin naku aka sayar kwanan nan a benen ko a layin, kuma nawa aka ƙirga aka biya. Kuɗin da kike gani a talla a intanet burin mai gida ne kawai, wani fulat ɗin sai ya shekara a talla ba wanda ya ko taya, in kika gina lissafi a kansa kin yaudari kanki. Dillali kuma ba wai ina zarginsa ba ne, amma la'ada yake ci, wani zai zuga kuɗin don ku ba shi aikin, wani zai karya don ya sayar da wuri ya wuce wurin.

Ga yadda za ku yi da kanku. Ku samo ciniki uku zuwa biyar da aka gama cikin wata shida da suka wuce, ku raba kuɗin kowanne da girmansa a murabba'in mita. A ce, ko da kuɗin wace ƙasa ne, an sayar da mai murabba'in mita 100 a miliyan 50, kinga mita ɗaya ta kama dubu 500. Wani mai mita 120 ya tafi a miliyan 57, wato dubu 475, na uku mai mita 90 a miliyan 46.8, dubu 520 kenan. In naku mita 110 ne to kuna tsakanin miliyan 52 da 57, daga nan sai a fara ragi da ƙari, kuma a nan ne aikin yake gaskiya. Hawa na huɗu in akwai lif mai aiki abin so ne saboda iska da haske da nisa da hayaniyar titi, in babu lif kuwa duk dattijo da mai ƙananan yara sun fita daga cikin masu saye, kuɗi dole ya sauka. Wurin ajiye mota na kanku ne a rubuce ko kowa ya riga ya faka? Tagogi suna kallon fili ne ko bangon maƙwabci? Sannan dan Allah ku sa a auna da tef, don wasu masu talla har baranda da kaurin bango suke cusawa a lissafi, in kuma da ƙafa aka rubuta to mita ɗaya murabba'i ƙafa 10.76 ce.

Tunda maganar gado ce ni shawarata ku biya ƙwararren mai kiyasin gidaje mai lasisi, wanda kuɗin aikinsa bai rataya da cinikin ba, ya rubuta rahoto ya sa hannu. Sana'a ce mai tarihi, ƙungiyarsu ta RICS a Landan tun 1868 aka kafa ta, kuma abin da suke kira darajar kasuwa shi ne kuɗin da mai saye da mai sayarwa za su daidaita a kai bayan an tallata yadda ya kamata, kowa ya san abin da yake yi, ba wanda aka matsa wa. Wannan na ƙarshen ya shafe ku Hajiya, in masu saye suka ji ƙishin-ƙishin magada na sauri za su yi ta taya muku a wulaƙance, ku ba abin lokaci.

Saƙo na biyu, wani bawan Allah ya ce ya kashe kuɗi mai yawa ya canza tayil da kicin da banɗaki, zai ɗora kuɗin gyaran ne kan abin da ya saya ya ce shi ne farashi?

A'a Malam, na san ba daɗin ji amma kasuwa ba ruwanta da rasit ɗinka. Gyara yana ɗaga daraja kam, musamman in ka kawar da yoyo ko tsohuwar wayar lantarki, amma ba kasafai yake dawo da duk abin da aka zuba ba, kalar tayil ɗin da ta burge ka wani yana shigowa lissafin fasa ta yake. Kuma abin da nake so ka riƙe, mai sayen fulat rabon bene yake saya, da rufinsa da lif ɗinsa da famfunansa da bashinsa. Kuɗin hidimar gini da ake karɓa duk wata ko duk shekara in ya yi nauyi yana cin farashi kai tsaye, haka in akwai babban gyara da ke tafe wanda za a raba wa mazauna. Ka duba abin da ya faru a Ingila bayan gobarar benen Grenfell a watan Yunin 2017 wadda ta ci rai 72, da aka gane irin rufin bangon waje ne ya yaɗa wutar, mutane da yawa masu fulat a benaye masu irin wannan rufin suka wayi gari bankuna sun ƙi ba masu saye bashi a kai, wasu ma sifili aka rubuta musu a takardar kiyasi, alhali cikin ɗakunansu tsaf yake ba abin da ya taɓa shi. Takardu ma haka, in mallakar ta wasu shekaru ce ƙididdigaggu ka duba nawa suka rage, a Ingilar dai in suka gaza 80 masu saye kan fara ja da baya.

Na uku wani matashi ne, ya ce shafukan intanet da kake sa adireshi su faɗa maka kuɗin gida nan take, a dogara da su? Shi don haya yake son saye.

Ka duba su ɗan'uwa, amma a matsayin mafari. Kwamfuta ba ta shiga ɗakin ba, ba ta ji warin danshi ba. Kamfanin Zillow na Amurka, mai irin wannan shafin, da kansa ya shiga sayen gidaje bisa kiyasin na'urarsa, ya tafka asara, a watan Nuwamban 2021 ya rufe sashen ya ce zai sallami kusan kashi 25 cikin 100 na ma'aikatansa. Tunda haya kake nufi yi wannan lissafin, kuɗin hayar shekara ka cire hidimar gini da haraji da gyare-gyare da watannin da zai zauna ba kowa, abin da ya saura ka raba da farashin. In miliyan 3 ta saura a fulat na miliyan 50, kashi 6 cikin 100 kenan, sai ka gwada da abin da makamantansa ke kawowa a unguwar, in nasu 8 ne to an tsuga maka kuɗi, wajen miliyan 37 da rabi ya kamata ka taya. Ka kuma sa ido kan kuɗin ruwan bankuna ko da kai ba bashi za ka ci ba, a Amurka ruwan bashin gida na shekara 30 ya tashi daga wajen kashi 3 a 2021 ya haura 7 a ƙarshen 2022, kuma duk inda aka yi haka masu iya saye raguwa suke, cinikin bara sai ya daina zama ma'auni.

Lokaci ya cim mana, wanda ya yi tambaya kan sayen fulat tun ana kan gini ya yi haƙuri, da tasa za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu.