Na biya kuɗin hostel, me ya sa famfo ba ya zuba?

Ku dubi silin ɗin nan. Ku ga katifu a ƙasa. Ɗaki na mutum huɗu, amma ku ƙirga takalman bakin ƙofa.

Duk lokacin da irin bidiyon nan ya fito daga wata jami'a, tambaya ɗaya ce ke cika waje: ina kuɗin da ɗalibai suka biya?

Mu gudu da labarin. A 2012 kwamitin gwamnatin tarayya ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati, ya tarar gadajen kwana kusan kashi 10 cikin 100 na ɗalibai kawai suke ɗauka. Sauran suna haya a gari, ko suna raɓe da wani aboki.

To ga inda ake ruɗewa, mu ɗan tsaya. Kuɗin gini aljihunsa daban, kuɗin gyara aljihunsa daban.

Gini yakan fito daga kasafin gwamnati, ko TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, wadda ake tara mata haraji daga ribar kamfanoni, ko wani mai hali. Ɗangote ya gina wa ABU Zariya rukunin ɗakuna, an buɗe a 2019. An yanka kyalle, an ɗauki hoto, kowa ya watse.

Washegari fa? Wa zai sayi gas na janareto? Wa zai kira mai gyaran famfo, wa zai kwashe masai? Wannan kan jami'a yake. Abin da Abuja ke turowa, kusan duk albashi ke cinyewa. Kuɗin gadon da ka biya shi ake ta ja, kamar bargo gajere: ka rufe kai, ƙafa ta fito. Ga wuta ta Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, da ta haura Naira 200 kowane yunit a Afrilun 2024.

Ni dai a ganina, babu mai son sa sunansa a jikin bututun banɗaki, shi ya sa ba a rububin gyara.

Shi ya sa yanzu ake ba 'yan kasuwa fili su gina, su karɓi haya na wasu shekaru, sannan su miƙa wa jami'a. Ku dubi wannan: fenti sabo, ruwa na zuba. Ku tambayi farashin gado ɗaya, sannan ku kira Baba a gida.