Lacca: Yadda Masu Hankali Ke Faɗawa Bin Ayari

Jama'a, barkanmu da warhaka. Abubuwa biyu zan taɓo game da kwaikwayo a nazarin dabarun wasa, wato reshen lissafin da ke duba shawarar da mutum ke yankewa alhali sakamakonta ya rataya ga shawarar wasu.

Na farko, kuma shi ne ya fi burge ni: bin ayari ba lallai ne ya zama wauta ba. A 1992 masanin tattalin arziki Abhijit Banerjee ya nuna haka da lissafi, haka ma Bikhchandani da Hirshleifer da Welch a wannan shekarar, sannan a 1997 Anderson da Holt suka gwada shi a kan mutane. Ku biyo ni a hankali. Ga tulu biyu: ɗaya na da ƙwallo ja biyu da fari ɗaya, ɗayan kuma fari biyu da ja ɗaya. An zaɓi guda a ɓoye. Kowa zai zaro ƙwallo, ya duba shi kaɗai, ya mayar, sannan ya faɗi hasashensa a fili kan wane tulu aka zaɓa. Mutum na farko ya ce tulun ja ne, wato mai ja biyu, na biyu ma haka. Na uku ya zaro fari. Me zai ce? Shaida biyu sun rinjayi ɗaya, don haka zai ce ja, kuma daidai ya yi. To, ga inda matsalar take, ku saurara: maganarsa ba ta ƙara wa na huɗu ilimin komai ba, domin ko me ya zaro, ja zai ce. Ko mutum dubu suka biyo baya, shaidar mutum biyu kawai suke maimaitawa. Mutum biyu kawai! Kuma sau ɗaya cikin tara, su biyun nan duka sukan zaro launin da zai ɓatar da kowa.

Na biyu, rububin cire kuɗi daga banki, wanda Diamond da Dybvig suka fayyace a 1983: a nan tsoron kada wasu su riga ka shi ke haddasa abin da ake tsoro. Lokaci ya ja, na ga hannu a baya.

Malama tana tambaya ko ana iya warware irin wannan ayari. Ana iyawa, Malama, domin tushensa ba shi da ƙwari, kuma bayani guda mai inganci da kowa ya ji yana iya juya shi. Abin da ya fi wannan shi ne a sauya dokar wasan: kowa ya faɗi launin da ya zaro maimakon hasashensa, ko kuma duka su rubuta amsarsu a lokaci ɗaya kafin wani ya ji ta wani.