Abin da Muka Tura Sama, a Ruwa Yake Saukowa

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Ku dubi bututun wannan tashar lantarki yadda yake tuttuɗo da hayaƙi. Ido zai bi hayaƙin har ya ɓace, sai mutum ya ɗauka shi ke nan an rabu. Ba a rabu ba. Iska ce ta ɗauke shi, gajimare ya haɗiye, ranar da aka yi ruwa kuma ya sauka a gonar wani ko tafkin wani, wataƙila ma a ƙasar da ba ta san da zaman bututun ba.

Abin da ya sami Suwidin da Norwe ke nan. A shekarun 1960 da 1970 kifi ya yi ta ƙarewa a dubban tafkunansu, alhali ruwan garau yake, har ana hango duwatsun ƙasansa. Ashe wannan hasken alamar mutuwa ce, don ƙananan halittun da ke sa ruwa ya yi duhu sun ƙare. Da aka bi sawu, sai aka tarar da kwal ɗin da ake ƙonawa a Birtaniya da Jamus da Polan. Kwal yana ɗauke da farar wuta. In ya ƙone, farar wutar ta zama iska, ta haɗu da tururin gajimare ta koma asid, ta sauko tare da ruwan sama. Suwidin ta yi ta zuba farar ƙasa a tafkuna don ta kashe kaifin asid ɗin, amma sauƙi na gaskiya bai samu ba sai da aka koma kan bututun. A 1979 aka sa hannu kan yarjejeniya a Janeba game da gurɓatar iska mai tsallake iyaka, tashoshi suka sa na'urorin wanke hayaƙi, farar wutar da Turai ke fitarwa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

Labarin ozon ma haka ya tafi. A 1985 masana daga Birtaniya suka bayyana cewa ozon, wato rigar iskar da ke can sama tana kare mu daga mugun hasken rana, ta yi rauni ƙwarai a saman Antatika, sanadin sinadaran da ake sawa a firji da gwangwanin feshi. A 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montiriyal, aka daina ƙera su sannu a hankali, yanzu ana sa ran wurin zai warke wajejen 2066.

Wadda ta gagara har yau ita ce iskar kabon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, shi ya sa ake raina ta. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane ƙwayoyin iska miliyan ɗaya, kusan 280 ne na kabon. Lokacin da Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, adadin ya kai kusan 315. Yau ya haura 420. Daga kwal da fetur da gas take fitowa, da masana'antar siminti, da dazuzzukan da ake sarewa ana ƙonewa. Aikinta shi ne riƙe zafin da ya kamata ƙasa ta mayar sama. Ita farar wuta kwanaki kaɗan take yi ruwa ya wanke ta. Kabon kuwa, wani kaso nata yakan yi ɗaruruwan shekaru a sama, wato hayaƙin da aka tura tun zamanin kakanni yana nan yana aiki.

To ina ruwan wannan da ruwan sha? Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 1, iska tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Ta tsotse danshin ƙasa da sauri, fari ya tsananta. In ta tashi saukewa kuma ta sauke da yawa a lokaci guda, a yi ambaliya, ruwan ya kwashi bahaya da dagwalo ya zuba a rijiyoyi. Ƙanƙarar kan duwatsun Himalaya da Andis, wadda ke ciyar da koguna a lokacin rani, ita ma tana narkewa fiye da yadda take taruwa.

Ruwan kuwa dama ba shi da yawa. A cikin duk ruwan duniya, kusan kashi 97 cikin 100 na gishiri ne. Ɗan abin da ya rage, mafi yawansa ƙanƙara ne ko yana can ƙarƙashin ƙasa. Daga wanda muke ɗiba, kusan kashi 70 noma ne ke shanyewa.

Yanzu ku kalli waɗannan jiragen ruwa, tsatsa ta cinye su, suna zaune a kan yashi, raƙuma na fakewa a inuwarsu. Nan Moynak ne a Uzbekistan, garin masunta a bakin Tafkin Aral a da, mai masana'antar sa kifi a gwangwani. A 1960 Tafkin Aral shi ne na huɗu a girma a duniya, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 68,000. Sai Tarayyar Sobiyat ta karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya zuwa gonakin auduga, ta magudanan da ba a daɓe ba, ruwa mai yawa yana tsiyayewa cikin yashi tun bai isa gona ba. Cikin shekaru kusan hamsin tafkin ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Yau daga Moynak sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin ka ga ruwa. Abin da ya fi ciwo a nan shi ne ɓarnar ba ta tsaya a ƙasa ba. Busasshen gindin tafkin cike yake da gishiri da ragowar maganin ƙwari, guguwa tana kwasa tana watsa wa mutane, cututtukan numfashi sun yi katutu a yankin. An ɓata ruwa, iska ta ɗauka.

Wani wurin kuma ba ƙarewa ruwan ke yi ba, guba yake zama. Takin zamanin da shuka ba ta sha ba, ruwan sama ke wanke shi zuwa tafki, gansakuka ta samu abinci ta rufe fuskar ruwa. A watan Agustan 2014 aka ce wa mutum kusan 400,000 a birnin Toledo na Amurka kada su sha ruwan famfo, kada ma su tafasa shi, don tafasawa ƙara wa gubar gansakukar ƙarfi take yi. A Jakarta kuwa yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sa unguwannin arewacin birnin suna nutsewa.

Gyaran da ya yi aiki, a ganina, duk kamarsa ɗaya: a je inda ɓarnar ke fitowa, a sa doka, a riƙa awo. Kazakistan ta kammala madatsar Kok-Aral a 2005 da tallafin Bankin Duniya, ruwa ya taru a arewacin Aral, gishiri ya ragu, masunta suka koma bakin aiki. Kudancin tafkin dai bai dawo ba. Windhuk, babban birnin Namibiya, tun 1968 yake tace ruwan da aka yi amfani da shi ya mayar da shi famfo, kuma mutane suna sha lafiya. A gona, daɓe magudanar ruwa da ban ruwa na ɗigo a gindin shuka suna rage asara sosai, haka ma zuba taki daidai buƙata da barin ciyayi a gefen rafi su tare abin da zai gangara.

Ta ɓangaren iska, mafi saurin biya shi ne toshe yoyon iskar mitan daga rijiyoyin gas da juji. Cikin shekaru 20 na farko tana riƙe zafi fiye da kabon sau 80, amma ba ta wuce shekara goma sha 'yan kai a sama, don haka in an rage ta ana ganin sakamako da wuri. Lantarkin hasken rana da na iska kuma riba biyu ne: babu hayaƙi, sannan ba sa buƙatar ɗimbin ruwan da tashar kwal ke sha don sanyaya injinanta. Kuɗin faifan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Abin da ke jan ƙafa yanzu shi ne layukan rarraba wuta, da baturan adana ta don dare, da jarin da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ke nema da kuɗin ruwa mai sauƙi.